Kukan Ɗakin Baya

Shafi na 23

"Ba zan yi ba, Manaja."

Bai ɗago kai ba. Idonsa na kan kwamfuta, hannunsa a miƙe, yana ba ni wata ƙaramar waya mai fasasshen gilashi.

"Malama, ba shawara nake nema ba. Karɓi ki wuce ɗakin baya. An kusa buɗe layi."

"Na ji. Na ce ba zan yi ba."

Sai a lokacin ya dube ni, kamar wanda kujera ta yi wa magana.

Ku da kuka shigo labarin nan a tsakiya kuna ta tambaya a ƙasa, ga shi a taƙaice, kada a sake tambayata. Ni ce mai gabatar da shirin lafiya a gidan rediyonmu. Ma'aikatan jinya na babban asibiti suna yajin aiki, saboda an bar su babu safar hannu, babu wuta a ɗakin haihuwa. Mai gidan rediyon kuwa jigo ne a jam'iyya mai mulki. Shi ya sa kullum da safe Gatari, mai sharhin siyasarmu, yake sassaƙa ma'aikatan jinyar son ransa, sannan ya ce a buɗe layi jama'a su faɗi albarkacin bakinsu.

Jama'ar kuwa suna ɗakin baya.

Jiya na gano. Na je neman kujera, na tura ƙofar ɗakin da ake tara karyayyun kaya, sai ga Direba mai tuƙa motar ofis, ga ƙanin Manaja, ga Anti Sakatariya, a zaune kusa da tsohon firjin da muke sa ruwa, kowa da waya a kunne. Su ne masu kiran. Direba kaɗai yana zama tsoho, ya zama ɗan kasuwa, ya dawo ya zama malamin makaranta, duk a shiri guda.

Yau Anti ta tashi da mura, muryarta ta dishe. Ana neman muryar mace, shi ne aka tuna da ni.

"Abu ne mai sauƙi," in ji Manaja. "Ke mai jego ce. Kin je asibiti da naƙuda, Babbar Sista, shugabar masu jinya, ta kulle ƙofa, kin haihu a bakin ƙofar, jaririn bai zo da rai ba. Ki faɗa, ki yi kuka, ki kashe waya. Shi ke nan."

"Wace mata ce hakan ya faru da ita?"

"Zai iya faruwa."

"Ya faru?"

"Malama!"

"Shekaranjiya ina asibitin nan, kai ka aike ni. Ɗakin haihuwa a buɗe yake. Babbar Sista ta bar mutanenta a ɓangaren gaggawa. Da idona na gan ta tana haska fitilar waya ana karɓar haihuwa. Na kawo maka muryarta, ka ce babu fili a shiri."

Ƙofa ta buɗe, ƙamshin turare ya riga shi shigowa. Gatari ne, da kofin shayinsa, hula a karkace. Ya dube ni, ya dubi wayar da ke hannun Manaja, ya yi dariya.

"'Yar boko ce ke tayar da jijiyar wuya? Ashe ba ke aka ce kin yi wasan kwaikwayo a jami'a ba?"

"Na yi. Amma a can ana rubuta wa a ƙofa cewa wasa ne."

"Kin ji ta, Manaja? Akwai baki." Ya kurɓi shayi. "Zo in tambaye ki, 'yata. Tashar can ta 'yan adawa, makon jiya wani ya kira su yana ihu wai gwamnati ta kashe masa uwa. Kin ji shi?"

"Na ji."

"Mai gadinsu ne. Uwarsa tana nan garau, ta fi ni lafiya. To su su harba, mu mu naɗe hannu? Yaƙi ake yi."

"Idan sun zuba guba a rijiyar gabas, kai ka zuba a ta yamma, mutanen gari a ina za su sha ruwa?"

"Mutanen gari?" Ya sake dariya, har shayin ya zuba masa a yatsa. "Mutanen gari ba gaskiya suke nema ba. Abin da suka riga suka yarda da shi suke so a faɗa musu da murya mai daɗi. Tun ba a haife ki ba nake aikin nan."

"Idan suka je suka jefi Babbar Sista fa?"

"Wa ya ce su jefe ta? Ni ra'ayin jama'a nake ji."

Manaja ya buga tebur.

"Ya isa. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A nan kike karɓar albashi. Ko ki karɓi wayar nan, ko ki ajiye katin aikinki."

Gatari ya sassauta murya. Wannan muryar ce take sa tsofaffi suna gyaɗa kai a gaban rediyo.

"Ki tuna mahaifinki. Da ƙafarsa ya zo ya roƙe ni in sa miki baki a ɗauke ki. Me za ki ce masa?"

Nan ne kaɗai maganarsa ta taɓa ni. Ba zan ɓoye muku ba.

Amma na cire igiyar katin daga wuyana, na ajiye a kan teburin, a hankali, ba jifa ba. Ba na son a ce fushi ne. Ina sane na yi.

"Abin da ya faru zan ce masa."

Ina tattara kayana a ofis na ji an buɗe layi, ta lasifikar da ke baranda. Tsoho ya kira, wato Direba. Ɗan kasuwa ya kira, wato Direba. Sai ga muryar mace, a dishe, tana rawa, tana jan hanci.

Anti ce. Murar ta yi musu rana. Wallahi da ban san ta ba, ni ma da na share hawaye.

Mun haɗu a bakin matakala tana fitowa, tana goge hanci da gefen mayafi.

"Kar ki kalle ni haka, ƙanwata. Marayu nake riƙo."

"Ban ce komai ba, Anti."

"Gara ki ce. Shirun naki ya fi zafi."

Na wuce ta. Ban tsane ta ba. Har yanzu ban tsane ta ba.

A cikin bas kuwa, kamar an kunna wuta. Direban bas ɗin ya ƙure rediyo, kowa na tofa nasa.

"Allah Ya isa! Jariri fa!"

"Irin matan nan ba su da imani. A kama ta kawai."

Wata dattijuwa kusa da ni tana kuka na gaske, tana cewa ita ma ta taɓa rasa ɗa a wurin haihuwa. Ita ce ta sa na kasa shiru.

"Mama, ki daina kuka. Babu jaririn da ya mutu. Matar nan ba mai jego ba ce."

Wani mai jaka a gwiwa ya waigo.

"Ke wa ya faɗa miki?"

"A gidan rediyon nake aiki."

"Ƙarya kike. Ina katinki?"

Na taɓa wuyana. Babu.

Motar gaba ɗaya ta kwashe da dariya. Wani daga baya ya ce, "Ta fi rediyo sani!" Dattijuwar ta janye zanenta daga jikina. Na sauka tun kafin a zo layinmu, na ƙarasa da ƙafa, kaina a sama.

Shagon fentin Baba yana manne da gidanmu. Na same shi a kan bencinsa tsakanin gwangwanaye, rediyo a cinya, idonsa jawur. Yaya yana jingine da kantar shagon yana latsa waya. Tun da na yi wayo mutanen nan biyu ba su taɓa sauraron tasha ɗaya ba. Baba na Gatari ne. Yaya na 'yan adawa ne. Umma ta ce ita tasharta ita ce tukunya, don ba ta taɓa yi mata ƙarya ba.

"Uwata, kin dawo da wuri," in ji Baba. "Kin ji abin da ya faru? Kina wurin aka kira? Baiwar Allah, ko kukan ma ba ta iya yi sosai."

"Baba, an kore ni."

Rediyon ya kusa faɗuwa. Umma ta leƙo daga ƙofar cikin gida, hannunta duk kumfa.

Na faɗa musu komai. Ɗakin baya, Direba, wayar mai fasasshen gilashi, Anti da murarta. Ban ƙara ba, ban rage ba.

Yaya ya daka tsalle.

"Alhamdulillahi! Baba, me nake faɗa maka? Maƙaryata ne! Da ka saurari tashar gaskiya..."

"Yaya, zauna. Mutumin da ya kira taka tashar wai an kashe masa uwa, wanda ka dinga tura wa mutane muryarsa, an ce mai gadinsu ne."

"Wa ya ce?"

"Gatari."

"Kuma kika yarda?"

"Ban yarda ba, ban ƙaryata ba, don ban gani ba. Kai fa? Ka tambayi sunan uwar kafin ka tura? Ka tambayi inda aka binne ta?"

Ya koma ya jingina da kantar.

Baba bai ko dube shi ba. Ni yake kallo.

"Gatari kike nufi? Mutumin da ya tsaya da motarsa a ƙofar shagon nan, ya fito ya ba ni hannu a gaban mutane?"

"Shi."

"Me zai ci da ƙarya? Mutumin da ba ya tsoron kowa?"

"Ka taɓa jin ya taɓa mai gidan rediyon? Ko jam'iyyarsa? Gatarin gefe ɗaya yake sara, Baba."

"Don ɗaya gefen ne ruɓaɓɓe."

"To na ji. Kai ma kana kiran layin nan, ko ba haka ba?"

"Kusan kullum."

"An taɓa ɗauka?"

"Mutane ne suka yi yawa."

"Wayar da kake kira tana cikin durowar Manaja. An kashe mata ƙara."

Umma ta ce, "Oh ni! Duk kiran da yake ta yi?"

"Ke koma ciki," in ji Baba.

Ba ta koma ba. Ta goge hannu ta zauna a kan gwangwanin fenti.

Da yamma ana maimaita kiraye-kirayen safe kafin Gatari ya dawo kai tsaye. Na roƙi Baba abu ɗaya.

"Kada ka yarda da ni. Ni ma baki ne da ni, zan iya ƙarya. An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce ya gani a ƙasa. Ka saurara da kunnenka kawai."

"In saurari me?"

"In ka kira wata tasha aka ɗauka, me kake fara cewa?"

Yaya ya amsa masa: "Salamu alaikum, kuna ji na? Kuna ji na?"

"Me suke ce maka?"

"Malam, rage ƙarar rediyonka."

"To yau ka lura. A shirin Gatari babu mai cewa kuna ji na. Babu wanda ake ce wa ya rage rediyo. Layi ba ya yankewa. Babu kukan yaro, babu hon ɗin mota, babu carar zakara. Gari guda ana kira, kowa daga wuri mai shiru. Abu ɗaya za ka ji a bayan muryarsu: firji. Tsoho ne, yana gurnani, in ya gaji sai ya yi tari ya tsaya."

Lokaci ya yi. Baba ya murɗa ƙarar da kansa, fuska a ɗaure, kamar mai jiran a kunyata ni.

Tsoho ya fara magana. A bayansa, gurnani.

Ɗan kasuwa ya shigo, wai daga tsakiyar kasuwa yake kira. Kasuwar babu mutum ko ɗaya. Gurnani kawai.

Sai mai jego. Tana cikin cewa "jaririna", firjin ya yi tarinsa, kaf-kaf-kaf, ya tsaya.

Umma ta karkata kai.

"Wannan ai mura take yi. Ni na haihu, na kuma binne. Ba haka ake kukan ɗa ba."

Babu wanda ya yi dariya.

Na dubi Baba. Hannunsa na kan rediyon, babban yatsansa yana shafa gefen da fenti ya ɗiga. Ya ji. Na san ya ji. Na ɗauka an gama, na ɗauka yanzu zai ce, Uwata, kin yi daidai.

Sai kiɗan shirin ya tashi, Gatari ya shigo kai tsaye.

"Jama'a, yau zuciyata a karye take. Ashe macijin yana cikin ɗakinmu."

Yaya ya ajiye wayarsa.

"Wata yarinya da muka ɗauka aiki don tausayi, ashe masu yajin aiki sun saye ta. Da safen nan, baiwar Allah mai jego tana kan layi tana kuka, yarinyar nan ta yi rantsuwa sai ta hana a sa kiran. Mun kore ta. Ba zan faɗi sunanta ba, ni ba mai tona asiri ba ne. Amma kun san muryarta, ita ce mai shirin lafiya. Ni mahaifinta nake tausaya wa. Dattijon kirki, mai shagon fenti a bayan tashar mota. Allah Ya ba shi haƙuri. A buɗe layi."

Gurnanin firji.

"Wallahi Gatari, irin 'ya'yan nan su ne bala'in zamani," in ji wani malamin makaranta da muryar Direba.

Wayar Baba ta fara ƙara. Ya duba, ya kife ta. Ta sake. Ta Yaya ma ta ɗauka. A tsallaken titi, masu zama a gindin bishiya, abokan hirar Baba, duk sun juyo suna kallon shagon. Babu wanda ya ɗaga hannu.

Baba ya kashe rediyon. Ban taɓa ganin ya kashe shi Gatari yana magana ba.

Ya tashi ya jawo ƙofar ƙarfen shagon, ya sa sakata, ga rana ba ta faɗi ba. Duhu ya rufe mu, sai ɗan hasken da ke shigowa ta ƙasan ƙofa.

"Gobe da safe zan raka ki," ya ce. "Ki durƙusa ki ba shi haƙuri. Ya faɗa a rediyo cewa kin tuba."

"Baba, ka ji firjin."

"Na ji."

"To?"

"Ni na ji. Su ba su ji ba." Ya nuna ƙofa. "Su zan sayar wa fenti. Da su zan tsaya sahu. Su za su ɗauki gawata. Ke kina ganin zan bi su gida-gida ina cewa ku saurari firji?"

"Ni zan bi su."

"Da wane bakin? An ƙwace miki rediyon."

"Ina da waya. Ina da muryar Babbar Sista da suka ƙi sawa. Zan koma asibitin, in tambayi masu jegon gaske, da sunansu da fuskarsu. Wanda ya ga dama ya je ya duba. Ba zan ce kowa ya yarda da ni ba. Zan ce su tambaya."

"Ni zan raka ta," in ji Yaya. "Tasharmu za su so labarin nan. Yau ɗin nan za su sa ta."

"Ba zan je ba."

"Ke kina da hankali kuwa? Su kaɗai za su wanke ki!"

"Su wanke ni yau, gobe su miƙo min tasu wayar. In na shiga can, maganar Gatari ta zama gaskiya: an saye ni."

"To ki zauna a tsakiya, kowa ya jefe ki."

"Na zauna."

Baba ya dafa kantar shagon da hannu biyu.

"Ban taɓa roƙonki komai ba. Karatu kika ce, na sayar da fili. Aiki kika ce, na je na zubar da girmana. Yau ni nake roƙo. Kalma ɗaya ce, ki ce kin yi kuskure."

Umma ta kama gefen rigata tana ja a hankali. Na san ma'anar jan. Ki yi shiru, ki bari ya huce.

Na durƙusa a gabansa, don ubana ne. Gwiwata ta taɓa siminti. Amma bakina nawa ne.

"Ka yafe min, Baba. In na ce na yi kuskure, na ce jaririn ya mutu ke nan. Na ce matar nan ta kulle ƙofa. Duk abin da aka yi mata daga nan, da hannuna a ciki. Ba zan faɗa ba."

Ya ɗauke hannunsa daga kan kantar.

"To ki tashi daga gabana. Kada ki sake gaishe ni sai ranar da kika shirya."

Ya shige cikin gida. Bai ɗauki rediyon ba.

Ban gama miƙewa ba aka daki ƙofar shagon. Ba ƙwanƙwasawa ba, duka. Gwangwanayen da ke kan kanta suka yi rawa. Ta ƙasan ƙofa na ga ƙafafu, da yawa, har sun tare hasken.

"Mai fenti! Buɗe!"

"Ina 'yar taka da ta hana mai jego kuka?"

"Ta fito ta faɗa mana nawa aka ba ta!"

Muryar ƙarshen na san ta. Maƙwabcinmu ne. Ni na kai matarsa asibiti ranar da za ta haihu.

Yaya ya riƙe min hannu. "Ki bi ta ƙofar baya."

Ku da kuke rubuto min kuna cewa jaruma, jaruma, ku ji abin da jarumtar ta ci. Tsakanin safiya da yamma na rasa aikina. Na rasa sunana a garin da aka haife ni. Ubana ya rufe shagonsa da rana saboda ni, ya kuma hana ni gaishe shi, alhali ya san gaskiyata. Babu wanda ya tafa min. Babu ko mutum ɗaya a wajen ƙofar nan da ya yarda da ni.

Na fizge hannuna daga na Yaya, na gyara mayafina.

Na zare sakatar.